Shin Ko Kun San? Gizo, Aku da Yarinyar da Ta Ɗaga Doki

Shin ko kun san cewa akwai wata yarinya 'yar shekara tara da furofesoshi da iyaye da 'yan jarida na ƙasar Suwidin suka yi shekara da shekaru suna ka-ce-na-ce a kanta, alhali ko numfashi ba ta taɓa yi ba? A littafi take. Sunanta Pippi, laƙabinta Mai Doguwar Safa. Uwarta ta rasu, ubanta matuƙin jirgin ruwa ne da teku ta yi awon gaba da shi, ita kuwa tana zaune ita kaɗai a wani tsohon gida tare da biri da doki da akwati maƙare da kuɗin zinariya. Ba mai cewa ta kwanta, ba mai cewa ta tashi. In ta ga dama sai ta sunkuci dokin nan ɗungurungum ta sauke shi daga baranda.

Na ba 'ya'yan yayana wannan labari a Danja, lokacin sanyi, muna zaune kusa da wurin da ake dafa mazarƙwaila. Wani doki yana ta zagaye yana juya injin matse rake, ruwan yana tsiyaya, ƙamshin tukunya ya cika wurin, ƙudan zuma sun hana kowa sakat. Da na zo wurin ɗaga doki, duk suka juya suka dubi na gabanmu, suka fashe da dariya. Goggonmu, wadda ta kawo wa masu aiki fura, ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi: "Kai dai ɗan nan ba ka rasa abin kwasowa. Wannan ai yarinya ce marar mafaɗi. Ina dangin ubanta?"

Goggo ba ta san cewa wani furofesa ya riga ta ba. A watan Agusta na 1946, John Landquist, malamin ilimin tarbiyya a jami'ar Lund, ya rubuta a jaridar Aftonbladet cewa littafin ba shi da ɗanɗano, kuma halin yarinyar ya fi kama da na mai taɓin hankali. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wurin da ta je gidan maƙwabta shan gahawa ta cinye kek ɗin baƙi gaba ɗaya, ta kuma barbaɗa sukari a ƙasa. Daga nan iyaye da malamai suka yi ta aika wasiƙu jaridu, wasu na tsine wa littafin, wasu na kare shi. Yara ba wanda ya tambaye su. Su dai karatunsu kawai suke yi.

Shin ko kun san cewa zazzaɓi da targaɗe ne suka haifi littafin? A 1941 Karin, ɗiyar marubuciyar littafin, Astrid Lindgren, tana kwance da ciwon huhu, ta ce wa uwarta ta ba ta labarin Pippi Mai Doguwar Safa, sunan da ta ƙaga a take. Sai a 1944, da uwar ta zame a kan ƙanƙara ta yi targaɗe ta kwanta, sannan ta rubuta shi. Kamfanin Bonniers, babba a ƙasar, ya mayar mata da abinta. Ta rage wa yarinyar tsiwa, ta kai wa Rabén & Sjögren, ta ci gasarsu, littafi ya fito a 1945. Rubutun farko mai cikakkiyar tsiwar bai ga rana ba sai 2007, shekara biyar bayan rasuwar mai shi.

To, mu bar Turai tukuna, don abin da ya fi wannan yana gida.

Shin ko kun san cewa gwarzon tatsuniyar Bahaushe ya fi Pippi rashin mafaɗi nesa ba kusa ba? Ku duba halin Gizo da idon basira. Maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai cin amanar aboki, mai cinye abinci ya bar Ƙoƙi da yunwa. Ya yaudari giwa, ya yaudari dorina, ya yaudari kura, ya yaudari sarki. Ga tsamin baki. Pippi ko ba komai tana raba wa yaran gari alewa da kuɗinta, tana kuma tare wa mai rauni faɗa. Gizo fa? Wa ya taɓa jin ya yi kyauta ba da wata manufa ba? Amma shi kakanninmu mata suka zaɓa su riƙa ba jikoki labarinsa kowane dare, ana ɓarar gyaɗa ko ana ɓanɓarar masara a tsakar gida, kuma ba a ji an ce ya lalata zuri'a ba. Yau ma da duniya ta zo da intanet, sunansa muka liƙa mata, muka ce yanar gizo.

Ba wai ba a sa masa takunkumi ba. Kowa ya san camfin nan cewa ba a tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata zai yi. Yaran da ƙaiƙayin labari ya dame su sai su ce sun ɗaure Gizo, sannan su fara. Ni a ganina wanda ya ƙago camfin nan manomi ne, ko uwa mai surfe a gabanta. Da damina ana neman hannun da zai yi cirar ciyawa, ina amfanin yaro ya zauna gindin bishiya yana "ga ta nan ga ta nanku"? Wannan ita ce hukumar tace labari ta farko a ƙasar Hausa, ba ofis, ba hatimi.

Shin ko kun san cewa da aka nemi malaman ƙasar nan su rubuta labarin ƙirƙira, da yawansu ƙyamar abin suka yi? A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zagaya manyan garuruwa yana neman waɗanda za su shiga gasar ƙaga labari. Daga baya ya rubuta cewa babbar wahalarsa ita ce shawo kan malamai, don a wurinsu alƙalami na ilimi ne da addini, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ce, bai kamaci mai rawani ba. Har yau in Bahaushe ya ce maka "wannan tatsuniya ce", ai ka san ba yabonka ya yi ba. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Wa da ƙane a gasa ɗaya, ga kuma wanda zai zama Firayim Ministan Nijeriya a cikinsu.

Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A Kagara aka haife shi a 1911, amma Kwalejin Katsina ce ta rene shi. Ruwan Bagaja kuwa, in muka cire son kai, labarin mazambata biyu ne, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, suna bin juna gari gari kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa sharri. Ɗaya ya sa a yi wa ɗaya duka, ɗaya ya sa a ɗaure ɗaya. Wannan ne aka ɗora a kan teburin ɗan firamare, kuma na tabbata duk wanda ya karanta shi ya fi tuna Zurƙe a kan ruwan da aka tafi nema.

Shin ko kun san cewa Magana Jari Ce aikin kwangila ne? A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kai shi Zariya na wata shida, don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Aka jibge masa littattafan labaru na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya. Abin da ya fito shi ne littafi uku, da aka buga tsakanin 1937 da 1939, masu labari sama da tamanin. Hotunan ciki kuwa, waɗanda muka ƙura wa ido har takarda ta yi baƙi da dattin hannu, wata 'yar Beljiyam ce ta zana su, Jacqueline de Naeyer, wadda daga baya East ya aura.

Suwidin ma tana da irin wannan. Ƙungiyar malaman makarantunsu ce ta roƙi Selma Lagerlöf ta rubuta littafin koyar da labarin ƙasa, ita kuma ta ƙago Nils Holgersson, wani malalacin ɗan manomi mai zaluntar dabbobi, wanda aljanin gida ya mayar ɗan mitsitsi, ya hau bayan dinya ya zaga ƙasar tun daga kudu har arewa. Ya fito a 1906 da 1907. A 1909 matar ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi. Su dinya, mu akun Magana Jari Ce. Hukuma ta nemi littafin aji, ta tashi da abin da ya fi ƙarfin aji.

Akun nan namu ma baƙo ne. Dabarar tsuntsu mai ba da labari dare bayan dare don ya tsare wani kada ya fita, daga Indiya ta taso, ta bi ta Farisa. A can matar aure ce akun yake hanawa fita wurin kwarto. Imam ya mayar da ita Musa ɗan Sarki Abdurrahman, wanda ake riƙewa a gida don kada ya faɗa tarkon mugun waziri. Kun ga tacewa ta gwani. Kalala da Kalalatu kuwa daga tarin tatsuniyoyin Grimm na Jamus suke. A can wata kuku ce ta cinye kajin maigidanta biyu, ta ce wa baƙo wuƙar da ake wasawa tasa ce, ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mayar da kukun matar aure, ya zuba mata bakin matan Hausawa, har ba mai rantsuwa cewa ba a zauren wani gida na Bakori ko Ƙafur abin ya faru ba. Sarkin Busa ma ɗan Jamus ne, mai sarewar nan na garin Hamelin.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan aro ɗan yankinmu ne? Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yi shekaru yana tono asalin labaran Imam, ya kuma fitar da littafin Adabin Abubakar Imam a 2009. Shi ne kuma ya raɗa wa littattafan soyayya na shekarun 1990 sunan Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubutan suka ji zafinsa ƙwarai. Muhawara ta kaure a jaridu, musamman New Nigerian. Masu suka suna cewa littattafan kwaikwayon finafinan Indiya ne kuma suna ɓata 'yan mata. Masu karewa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, suna cewa aro ba yau aka fara ba, ga Imam nan. Ni dai nawa ra'ayin: aro ba laifi ba ne, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ari riga ya kai wa tela ya gyara ta daidai jikinsa, da wanda ya zura ta haka nan da sunan mai ita a wuya. Imam tela ne.

Rigimar ba ta tsaya a takarda ba. A 2007 an tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata an cinna musu wuta a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Iliya Ɗan Maiƙarfi fa, na Ahmadu Ingawa? Shi ma ɗan ci-rani ne. Asalinsa Ilya Muromets, gwarzon waƙoƙin Rashawa, wanda ya yi shekaru a gurgunce kafin wasu baƙi su zo su tashe shi. Mu ma ke nan muna da namu mai ƙarfin da ya wuce hankali, ba wanda ya ce uffan, watakila don shi namiji ne.

Shin ko kun san cewa Faransawa ma sun yi wa Pippi irin gyaran da Imam ya yi wa matar Indiya, sai dai su ba su iya ba? Da aka fassara ta a shekarun 1950 da sunan Fifi Brindacier, an zubar da wuraren da take mayar wa malama da 'yan sanda magana, an sa ta tana nadama. Mai buga littafin har ya ce yaran Faransa ba za su yarda yarinya ta ɗaga ƙaton doki ba, sai dai ɗan ƙaramin nan da ake kira poni. Lindgren ta amsa cewa ta yarda, amma a aiko mata hoton yarinyar Faransa ɗaya tana ɗaga ƙaramin. Sai a 1995 aka sake fassara littafin yadda yake. A wannan shekarar ce kuma, Pippi na cika hamsin, wata marubuciya a jaridar Svenska Dagbladet ta ce lokaci ya yi da za a yi mata ritaya, don ta ishi tarbiyyar ƙasar da ɓarna.

Akwai sukar da ta shafe mu kai tsaye, kuma wannan ba ta masu ƙorafin banza ba ce. A littafin, uban Pippi ya faɗa wani tsibiri a tekun kudu, mutanen wurin baƙaƙe suka naɗa shi sarki, kuma kalmar da aka kira shi da ita ta ƙunshi sunan nan na wulaƙanci da Turawa ke kiran baƙar fata. Bature ya faɗo daga teku, kafin rigarsa ta bushe an ba shi sarauta: wanda kakansa ya ga zuwan Lugga ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kamfanin Oetinger na Jamus ya sauya kalmar a 2009. Gidan talabijin na Suwidin ya yanke ta a 2014 daga wasan da aka yi a 1969, wanda Inger Nilsson ta fito a matsayin Pippi, aka kuma yi ta hayaniya, wasu na cewa an taɓa kayan tarihi. A 2015 aka gyara littafin a harshensa na asali. A nan ina bayan masu gyara. Sai dai in za mu yi adalci, mu ma mu buɗe namu tsofaffin littattafan da tatsuniyoyin, mu ga yadda ake kwatanta Bamaguje da Bagwari da baƙauye da makaho. Mu da muke zaune da Maguzawa a karkarar Malumfashi da Ƙafur, muna cin kasuwa ɗaya, mun san dariyar ba kowa take yi wa daɗi ba.

Shin ko kun san cewa Lindgren, matar da aka ce tana ɓata yara, ta taimaka wajen kayar da gwamnati? A 1976 ta gano cewa harajin da ake nema a wurinta ya kai kashi 102 cikin ɗari na duk ƙarin kuɗin da ta samu. Ta rubuta tatsuniya a jaridar Expressen tana yi wa hukuma shaguɓe. Ministan kuɗi Gunnar Sträng ya ce ta iya labari amma ba ta iya lissafi ba, daga baya ta tabbata ita ce da gaskiya. A zaɓen shekarar jam'iyyar da ta yi shekara 44 tana mulki ta faɗi. A 1978, da za a ba ta kyautar zaman lafiya a Frankfurt, ta yi jawabi kan dukan yara. A 1979 Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta haramta shi, har a cikin gida. A 1988 aka yi dokar kare dabbobin gona da ake yi wa laƙabi da sunanta. Yau hotonta ne a kan takardar kurona 20, wadda ta fito a 2015. Wadda ta gada a kan takardar? Selma Lagerlöf, da Nils a bayan dinyarsa.

Imam shi ma daga labarin aku ya wuce jarida. A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kuma yi amfani da ita wajen faɗa wa Turawan mulki abin da ke damun mutanen Arewa. Ya rasu a 1981. Bai ga lokacin da NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin ba, inda su Ƙasimu Yero suka fito, muna cincirindo a ƙofar gidan mai akwatin da ke aiki da batirin mota.

Rashawa kuwa ba Pippi ce tasu ba. Karlsson suka ɗauka, wani gajeren mutum mai farfela a baya, mai son kansa da ciye-ciye da zille wa laifi, wanda Lindgren ta ƙaga a 1955. A gida Suwidin iyaye da yawa ba sa ƙaunarsa. A Tarayyar Sobiyet an yi masa katun a 1968 da 1970, ya zama ɗan gida. In kun lura, Gizo ne aka ɗaura wa fanka.

Tatsuniyoyinmu an fara kwashe su a takarda tun da daɗewa: J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, a farkon shekarun 1970. Wanda ya gwada na Edgar da na makaranta zai ga an yi wa Gizo wanka. Akwai abubuwan da tsofaffi ke faɗa a tsakar gida da ba sa shiga aji.

A ranar mazarƙwailar nan, kafin magariba, ƙaramar cikin yaran ta kama ɗan akuyar Goggo ta ɗaga shi sama da kanta, yana ta ɓeee, tana ihu wai ita ce Pippi. Goggo ta biyo ta da mara, tana cewa, "Ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa maka!" Bayan sallar lisha na leƙa ɗakinta don in ba ta haƙuri. Na tarar ta tara su a kan tabarma, fitila a gefe, ta maƙale murya tana tsamin baki, tana ba su labarin yadda Gizo ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, ya koma gefe yana kallo.